Wa Ke Jinyar Wa?

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na san duk macen da ta taɓa kwana a zaune da yaro a cinya ba za ta rasa ta cewa a kanta ba. Shin damuwar uwa ita ce ma'aunin son da take yi wa ɗanta?

Mu dai a haka muka taso muka tarar. In yaro ba shi da lafiya, aka shigo dubiya aka samu uwar ta rame ta yi zuru-zuru, idanu sun kumbura, ko wanka ba ta yi ba, sai ki ji ana cewa, "Allah sarki, uwa ke nan." In kuwa aka same ta ta yi wanka ta sa kwalli, tana hira da yaron har da dariya, to kafin a kai zaure an fara gutsiri-tsoma: "Ke kin ga wance kuwa? Ko a jikinta." Da haka muka ɗauka cewa gwargwadon tashin hankalinki gwargwadon ƙaunarki.

In zazzaɓin kwana uku ne, wannan ba wani abu ba ne, yaro zai warke uwa ma ta warke. Wanda nake magana a kansa shi ne ciwon da ya zo ya zauna, wanda likitoci ke cewa ya wuce wata uku yana nan, ko kuwa yana tafiya yana dawowa shekara da shekaru. A ƙasarmu babu wanda ya kai sikila, wadda wasu ke kira amosanin jini, shiga wannan sahu. Ƙiyasin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006 ya nuna ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Da wuya a ce a danginku ko a layinku babu gidan da ta shiga.

Ƙwayar jinin mai lafiya kewayayya ce kamar faifai, mai laushi, tana ratsa ƙananan hanyoyin jini salin-alin, takan kuma yi kwana kusan 120 kafin ta mutu. Ta mai sikila kuwa takan lanƙwashe kamar lauje ta yi tauri, ba ta wuce kwana 10 zuwa 20, in ta zo siririyar hanya sai ta maƙale ta tare ta. A nan ne ƙashi da gaɓoɓi ke ɗaukar azaba, yaro ya riƙa birgima yana cewa ana sara masa ƙafa. Na kawo wannan bayani ne don mu fara yarda da abu guda kafin mu ci gaba: ciwon nan gaskiya ne, a cikin jini yake, uwa ba ita ta sa shi ba, kuma murmushinta ba zai buɗe hanyar jinin da ta toshe ba.

Sai dai zafin ciwo yana da wani sirri. A 1965 wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, sun fito da bayanin da ya sauya yadda likitoci ke kallonsa. Sun ce saƙon ciwo ba ya tafiya kai tsaye daga inda ya kama zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai kamar wata ƙofa a cikin lakar bayan mutum, tana iya wangalewa tana iya tsukewa, kuma ƙwaƙwalwa da kanta tana aiko wa ƙofar nan da umarni. Tsoro da zuba wa ciwo ido suna wangale ta, natsuwa da shagala da wani abu suna tsuke ta. Ke ma kin san haka ko ba a gaya miki ba. Ranar biki kina yankan albasa ana shewa, wuƙa ta yanke ki, ba ki ankara ba sai da kika ga jini. Amma ciwon haƙori da tsakar dare, kowa ya yi barci sai ke da shi, ai kamar ya tsaga miki kai.

To shi yaro daga ina yake samun tsoro ko natsuwa? Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, shi kuwa yaro fuskar uwarsa ce littafinsa na farko. Ki lura da mai koyon tafiya in ya faɗi: kafin ya yi kuka sai ya ɗago ya dube ki. In kin dafe ƙirji kin yi salati, sai ya ɓare baki. In kin ce "tashi jarumi," sai ya karkaɗe jiki ya ci gaba. A 1985 an gwada wannan a Amurka da yara 'yan shekara ɗaya. An ɗora su a kan wani teburi mai gilashi mai kauri, daga tsakiyarsa ana hango ƙasa kamar rami, uwa tana tsaye a ɗaya gefen. Da iyayen suka nuna fuskar tsoro, ko yaro ɗaya bai tsallaka ba. Da suka saki fuska suna murmushi, mafi yawansu suka rarrafa suka iske su. Gilashin ɗaya ne, fuskar ce ta bambanta.

Akwai kuma wani gwajin da ya fi kusa da maganarmu. A 2006 wata masaniya mai suna Lynn Walker da abokan aikinta a Jami'ar Vanderbilt ta Amurka sun tara yara masu fama da ciwon ciki mai yawan dawowa, tare da yara masu lafiya. Aka ba su ruwa suka yi ta sha har ciki ya cika ya dame su, sannan aka haɗa su da iyayensu. Wasu iyayen an ce su mai da hankali kan ciwon, su yi ta tambaya suna tausayawa. Wasu an ce su ɗauke wa yaron hankali da wata hirar. Wasu ba a ce musu komai ba. Ƙorafin ciwo ya kusa ninkawa a wurin kashin farko, ya kuma ragu da rabi a wurin kashi na biyu. Abin da ya fi taɓa ni shi ne, yaran da bakinsu sun ce hirar ta fi sa su jin sauƙi, alhali iyayen masu ciwon suna ganin ɗauke hankalin ne zai fi cutar da yaro. Ciwon cikin nan daban yake da sikila, ba a haɗa su. Amma darasin ya shafe mu: abin da uwa ke ganin shi ne tausayi, ba kullum yake zama sauƙi ga wanda ake tausaya wa ba.

A zaman da na yi da mutane, na ga tsoron iyaye yakan fito ta ƙofa biyu.

Ta farko ita ce killacewa. Na san wani gida da yaro mai sikila ya tashi kamar ƙwai a cokali. Da hunturu ya kama an daina zuwa makaranta ke nan sai bazara. Ƙwallo haramun, aike haramun, ko tsintsiya ba ya ɗauka. Duk bayan ɗan lokaci uwar ta kai hannu goshinsa: "Ina ke maka ciwo? Ka tabbata? Ƙafar fa? Bayan fa?" Yaron da ke zaune lafiya yana wasansa sai ya tsaya yana laluben jikinsa, mai nema kuwa yana tare da samu. Har da rana tsaka tana jibga masa rigar sanyi biyu yana zufa, alhali ƙarancin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke tayar da ciwon. Garin neman gira ana neman rasa ido. Yanzu ya zama saurayi, karatu ya tsaya a hanya, ba sana'a ba aboki, in kin tambaye shi labari ba shi da wani sai na ciwo. Sikila ta ci nata rabon a rayuwarsa, amma abin da ta bari tsoro ne ya cinye. Ƙannensa kuma sun tashi suna ganin sai mutum ya kwanta ake sonsa.

Ta biyu ita ce tsawa. "Kai dai ka cika raki." "Kai ba namiji ba ne?" In mace ce a ce mata, "Ke da za ki haihu wata rana, wannan ne zai sa ki cika mana gida da ihu?" Wani lokaci kunyar ɗan fari ce ke sa uwa ta kau da kai, tana ji a ranta amma ba za ta nuna a gaban surukai ba. Wani lokaci maigida ne ke faɗa, kuma in kin tona za ki tarar shi ma tsoro ne ya sa shi, domin ya san in ya yarda ciwo ne to maganar kati ce da ƙarin ruwa da ƙarin jini, ga aljihu babu nauyi. Dauriya hali ne mai kyau, muna alfahari da ita. Amma wanda aka ƙaryata ciwonsa bai koyi dauriya ba, abin da ya koya shi ne babu mai jin kukansa.

Abin mamaki, ƙofofin nan biyu ɗaki ɗaya suke kaiwa: yaro ya fara ɓoyewa. Na taɓa zuwa dubiya wani asibiti, a gadon da ke kusa da namu akwai wata yarinya da ba ta wuce shekara 12 ba, an kawo ta numfashi na yi mata wuya. Uwar ta fita sayen magani, sai nas ta matso ta ce, "'Yan mata, tun yaushe ƙirjin ya fara?" Ta ce, "Tun shekaranjiya." Nas ta ce, "Me ya hana ki faɗa?" Yarinyar ta dubi ƙofa tukuna, sannan ta ce a hankali, "Anti, in na faɗa Umma kuka take yi, kuma ba ta cin abinci."

'Yar uwa, a wannan gida wa ke jinyar wa? Yarinya tana ɗauke da ciwon ƙirji kwana biyu, tana kuma ɗauke da zuciyar uwarta. Ciwon ƙirji ga mai sikila kuwa ba abin jinkiri ba ne, yana cikin abubuwan da ke kai su lahira. Wannan uwa tana son 'yarta, babu mai musu. Amma hawayenta sun zama katanga tsakaninta da labarin da ya fi kowane muhimmanci a gare ta.

Na san wata za ta ce, "Haba Hajiya, ke da ba ki san zafin ba. Ɗana yana murƙususu ki ce in yi murmushi? Ai wannan munafunci ne, kuma zuciya ba ta da ƙashi." Maganarki tana kan hanya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ban ce ki daina jin tsoro ba, don ba a hannunki yake ba. Ban kuma ce ki yi wa yaro ƙarya ba. Yara sun fi mu gane fuskar aro, in kina ta nanata "ba komai, ba komai" da murya mai rawa, to kin gaya masa akwai komai. Abin da nake nufi shi ne ki rarrabe tsakanin abin da kike ji da abin da kike ɗora masa. Matar da ke tsallaka titi da yaro a hannu ita ma tana tsoron mota, amma ba ta tsayawa a tsakiyar kwalta ta yi ihu. Riƙe hannunsa take yi da kyau, ta duba dama da hagu, su wuce. Babu wanda zai ce ta yi munafunci.

A ganina haƙƙin yaro mai doguwar jinya a kan iyayensa uku ne. Na farko a yarda da shi in ya ce yana jin ciwo. Na biyu ya samu babba a kusa wanda hankalinsa ke jikinsa. Na uku a bar masa ƙuruciyarsa. Mai killacewa ta ba da na farko ta hana biyun. Mai tsawa ya hana na farko, kuma sauran ba su da amfani in babu shi.

To yaya za a yi? Babban maganin tsoro shi ne sani. Uwar da ba ta san wace alama ce mai haɗari ba, komai haɗari ne a wurinta. Ki riƙe waɗannan: zazzaɓi, ciwon ƙirji ko wahalar numfashi, jiki ya yi fari fat ko yaro ya yi laushi, ciki ya kumbura ta gefen hagu, hannu ko ƙafa ko gefen fuska ya saki, magana ta karye, gaban yaro namiji ya miƙe da zafi ya ƙi kwanciya, ko ciwon da ya ƙi jin maganin da likita ya ba ku na gida. Ɗaya daga cikinsu ya bayyana, sai asibiti, ko da tsakar dare ne, ba a tsayawa kemis ko jiƙe-jiƙe. Ki kiyaye ranar ganin likita ko da yaro lafiyarsa lau. A Kano, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala duk suna duba masu sikila. Ƙwayar folik asid, maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro, gidan sauro, alluran rigakafi, ruwa wadatacce, rigar sanyi lokacin sanyi, waɗannan su ne aikinki na kullum. Ki kuma tambayi likita game da maganin da ake kira haidroksiyuriya, wanda ke rage yawan tashin ciwon. In kin yi waɗannan kin sauke naki nauyin, saura ki saki yaro ya sha iska.

Ranar da ciwo ya tashi, ki zauna kusa da shi ki ce, "Na san yana maka zafi, na yarda da kai. Ga magani, ga ruwa, bari in gasa maka wurin da ruwan ɗumi. In bai lafa ba za mu tafi asibiti." Ruwan sanyi ko ƙanƙara ba a sa wa mai sikila. Bayan nan sai tatsuniya, ko a kunna masa rediyo, ko ƙannensa su kawo ludo, ko ki tambaye shi labarin makaranta. Hira ba ta maye gurbin magani, rakiya take yi masa. Ki daina tambayar ina ke ciwo sau goma a wuni. Ku yi yarjejeniya: "In ka ji wani abu ka zo ka gaya mini, ba zan yi faɗa ba, ba zan yi kuka ba." Sannan ki cika alkawari.

Ranar da ciwo ya lafa kuwa, a koma makaranta da gorar ruwa a jaka, a sanar da malamai halin da ake ciki. Ya yi wasa da sa'o'insa, ya huta in ya gaji. A aike shi, ya yi shara, in ya yi laifi a tsawata masa kamar kowa. Yana girma kina miƙa masa ragamar jikinsa: ya san sunan maganinsa, ya san lokacin sha, ya yi wa likita bayani da bakinsa. Ba za ki dawwama a kansa ba, watarana zai tafi makarantar kwana ko ta tafi gidan miji.

Saura shi tsoron naki, ina za ki kai shi? Domin abin da aka danne bai tafi ba. Ki kai shi kan sallayarki. Ki kai wa yayarki ko aminiyarki, ki yi kukanki ya ishe ki, ki wanke fuska. Ki yi hira da sauran iyaye a layin ganin likita, za ki ga waɗanda 'ya'yansu suka gama jami'a, suka yi aure suka haihu. In abin ya kai ba kya barci, ba kya cin abinci, gabanki na faɗuwa dare da rana, to ke ma ki gaya wa likita, wannan ma ciwo ne mai magani. Ki ci, ki yi wanka, ki sa kwallinki, masu gutsiri-tsoma su yi ta yi.

Kada kuma a ɗauki maganata a mayar da ita sandar dukan uwa. Yawancin matan da na gani cikin wannan hali su kaɗai aka bar wa kayan. Maigida ya ajiye kuɗi ya fita, in ma ya ajiye. Uwar miji tana habaici wai jinin gidan su matar ne. Wannan jahilci ne, domin sikila sai an haɗu ake gadar da ita, rabi daga uwa rabi daga uba. In miji AS ne mata ma AS, kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Macen da ake zargi da rana, take kwana a zaune da dare, daga ina za ta samo natsuwar da za ta ba yaro? Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malam, in littafin nan ya faɗo hannunka, ka karɓe ta ko da dare ɗaya ne ta runtsa. Ku kuma 'yan mata, a 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jinin nan. Kada ki jira sai an sa rana, ki san naki tun kafin zuciya ta yi nisa.

Mu koma kan tambayarmu. Damuwa alama ce ta so, na yarda, amma ba da ita ake auna shi ba. Kuka kowa ya iya. Uwar da cikinta ke kaɗawa, amma ta zauna bakin gado da hannu mai ɗumi da murya a kwance, ta ba da magani a kan lokaci, ta yi tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, gari ya waye ciwo ya lafa ta ɗaura wa yaro jaka ta tura shi makaranta tana leƙensa ta zaure, ita ce ta ɗauki kaya mafi nauyi, ko da masu dubiya ba su gani ba. Yaro ya riga ya samu nasa kayan daga jininsa. Kada mu ƙara masa da namu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinya haƙuri da lada, Ya raya mana zuriya. Amin.